Mai Albasa da Ya Toshe Magudanar Ruwa

Akwai wani mai noman rani da ke da lambun albasa a bakin wata madatsa. Ruwa sai ya ratsa fangalinsa kafin ya gangara gonar barkonon maƙwabcinsa, wani Kirista da ya zo garin tun yana saurayi. Shekara ashirin suna raba ruwan nan, ko musu bai taɓa haɗa su ba. Rannan sai mai albasa ya ji a rediyo an yi rikicin addini a wani birni da ko hanyarsa bai sani ba. Nan take ya zama jarumi. Ya cika buhuna da yashi, ya toshe mafitar ruwan, ya shafe da laka, ya rantse duk wanda ya taɓa sai ya sare masa hannu. Liman ya taka har lambun ya ce masa, “Malam, Manzon Allah (SAW) ya hana a riƙe rarar ruwa, ya kuma ce bai yi imani ba wanda maƙwabcinsa bai tsira daga cutarsa ba. Bai ce sai maƙwabci Musulmi ba.” Gogan naka ya ce shi kishin addini yake yi. Ka ji jahilci, wai mutum ya fi mai addinin kishin addinin!

Barkono ya fara yaushi, mai albasa yana leƙawa yana jin daɗi. Sai tafiyar ta'aziyya ta kama shi, ya yi kwana huɗu. A bayansa aka saki ruwan madatsa, ruwa ya shigo ya rasa inda zai bi, ya kwanta a kan albasar da saura mako uku a cire. Maƙwabcin yana tsaye a iyakar gona da fartanya a hannu, sara biyu ya isa ya buɗe toshiyar, amma ya tuna rantsuwar, ya tuna shi baƙo ne, ya koma gida. Da mai albasa ya dawo, wari ne ya tare shi tun daga hanya. Ya tsoma hannu ya zaro kai ɗaya, ya narke masa a tafi. Abincin iyalinsa na shekara ke nan ya ruɓe, kuma shi da bakinsa ya ɗaure hannun da zai cece shi. Ni dai ban ji tausayinsa ba.

Hausawa sun riga sun faɗa: sharri kare ne, mai shi yake bi.