Tsaga Ta Huɗu

"Baba, me ya sa bado ba ya nutsewa?"

"Haka Allah ya yi shi," in ji Baƙo, yana tura kwalekwalen da gora.

"Shamuwa fa, ina take zuwa da rani?"

"Can kudu, yarinya."

Tun da suka bar Auyo bakin yarinyar da suka sato bai huta ba. 'Yan'uwansa mahara sun ce ya ɗaure mata baki, ya ƙi. Ya san yaron da ake amsa wa ba ya kuka, kuka kuwa shi ke jawo masu bin sawu. Shi ma yana ƙarami aka sato shi, da daɗin baki aka raba shi da gida.

"Ina aka kai innata?"

"Tana jirgin gaba."

Wannan kam gaskiya ce. Shi da kansa ya ɗaure matar ta baya, ya miƙa ta ga fataken arewa, bai ko dubi fuskarta ba.

Yarinyar ta ƙura masa ido.

"Baba, me ya sa tsagarka huɗu ce a hagu, uku a dama?"

"Oho. Haka na tashi na ganta."

"Inna ta ce ƙanenta ma haka yake. Wai motsi ya yi, askar wanzami ta zame. Kullum sai ta duba fuskar baƙi a kasuwa, ko za ta gan shi."

Gorar ta suɓuce daga hannun Baƙo. Ya hanga gaba. Ruwa ne kawai da ciyawa, jirgin ya daɗe da ɓacewa.

"Baba, me ya sa kake kuka?"