Mai Shayi a Taron Tallafi

Baƙuwar da ta zo raba takardun tallafi ta gama jawabinta da Faransanci, amma ba wanda ya motsa a rumfar taron. Mutum arba'in ɗin da aka zaɓa su ci tallafin gwamnati na masu jin Faransanci a Rano, duk dangin shugaban kwamiti ne, babu mai jin harshen ko ɗaya.

Mai shayi, mutumin Damagaram, ya dube su yana cije dariya. Shi aka hana fom, wai ba zai iya cikewa da Turanci ba. Ya amsa wa baƙuwar da Faransanci a taƙaice.

Shugaba ya jawo hannunsa. "Malam, me ta ce?"

"Cewa ta yi duk mai jin Faransanci ya taso ya karɓi takardarsa."

"Kai me ka ce mata?"

"Na ce ni shayi na kawo, Alhaji. A sa maka madara?"