Kantoci Dubu Huɗu

Injiniya ta sake goge lissafin har takardar ta kusa hujewa. Ta daɗe tana zana ɗakunan sanyi, na kifi, na nama, na magani, amma ba ta taɓa haɗuwa da mai ba da aiki irin wannan ba. Mutum ne mai taushin murya, farin takalminsa ko tabo babu. Duk farashin da ta faɗa, kai kawai yake gyaɗawa, ita kuwa a sana'arta ba wanda take tsoro kamar mutumin da ba ya neman ragi.

Sai dai ofishinta ya yi wata da watanni ba aiki. In wannan ya suɓuce mata, sai ta sallami ma'aikata ta ja ƙofa.

Katafaren gini yake so a bayan gari, da janareta biyu, da ƙofar da babbar mota za ta shige ciki a rufe kafin a sauke kaya. Kantoci dubu huɗu, kowace tsawon mita biyu, kaya ɗaya a kanta ɗaya. Kashi ɗaya cikin huɗu kuma a yi su gajeru.

Ba a sanin ƙarfin injin sanyi sai an san zafin da kaya ke shigowa da shi. Kifi a daskare yake zuwa, kayan lambu da ɗumin gona. Ta tambaye shi.

"Rubuta digiri talatin da bakwai," in ji shi.

"Shanu ne sabon yanka? To ai ƙugiyoyi za a sa, ranka ya daɗe."

"Mu ba ma rataye kayanmu. Kwantar da su muke yi."

Ta rubuta, ta sa hannu, ya naɗe zanen ya saƙala a hammata. A bakin ƙofa ya tsaya yana duban hoton 'yarta Auta da ke kan teburinta. Ya ce da zarar an gama ginin ta kwashi iyalinta su tafi hutu, nesa, kada su yi gaggawar dawowa. Ta yi godiya.

Da yamma ta tarar da Auta a miƙe a doguwar kujera, jikinta a mace, ko rabin kujerar ba ta cika ba. Mijin Injiniya, ma'aikacin jinya, yana zare ma'aunin zafi daga hammatar yarinyar.

"Kwantar da hankalinki, uwar lissafi, lalaci ne kawai irin na dangin uwa," ya ce yana dariya, ya miƙo mata ma'aunin. "Talatin da bakwai cif. Haka jikin kowane lafiyayyen mutum yake."