Rabon Tuwo Sau Bakwai

Littafi ɗaya, takardar ƙorafi, gorar ruwa, ƙullin gyaɗa. Su ke nan Ladidi ta riƙo a mota daga Funtuwa zuwa Ofishin Rage Maimaici.

Tun da doka ta hana maimaici, na'ura ke tace kowane littafi kafin a buga. A labarin da Ladidi ta rubuta, sau bakwai wata uwa ke rabon tuwo bayan ɓatan ɗanta. Na'ura ta bar na farko kawai.

Jami'in ofishin, Malam Tanimu, ya amsa gaisuwarta da "lafiya" ɗaya tak, yadda doka ta tanada.

"Hajiya, tuwo ɗaya ya ishi mai karatu."

"Malam, karanta duka bakwai ɗin, sannan ka yanke hukunci."

Ya karanta yana hamma. A na bakwai ya tsaya cak.

"Subhanallahi! Yau ba ta ajiye kwanon yaron ba?"

"Wa ya ce maka tana ajiyewa?"

"Haba, ai kullum sai ta ajiye!"

Ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya jawo hatimin amincewa ya buga.

Ladidi ta fito, ta ja ƙofa ta rufe.

"Littafi na gaba," in ji ta, "sau goma za a raba."