Kogin da Ake Buɗewa Ƙarfe Goma

Ranar addu'ar uku aka zaunar da Braimah a kujera mafi laushi a falon marigayi Kudus, hawa na tara a wani dogon bene a unguwar Concourse Village, aka ɗora masa farantin shinkafa da wake a cinya. Har abincin ya huce bai taɓa cokali ba.

Duk wanda ya shigo sai ya yi wa Suweiba, matar mamacin, ta'aziyya, sannan ya juyo ya yi wa Braimah barka da arziki. Shi dai hannu yake miƙawa, a girgiza, a mayar masa. Wannan fa shi ne mutumin da in ya buɗe baki a ƙofar masallaci sai liman ya aiko a rage dariya. Shi ne ya taɓa sa rabin mutanen unguwar Morrisania suka tashi da azumi tun ba a ga wata ba. Yau ko tari babu.

Shi ya kawo harkar kayak cikin 'yan zango. Wani fasinja da ya ɗauka a tasinsa ne ya nuna masa: ɗan kwale-kwalen roba mai cin mutum ɗaya, ka zura ƙafafu ciki kamar takalmi. Kogin na can arewa da birni, tafiyar awa uku, kuma ba shi da ikon kansa, madatsa ce ke riƙe da shi. Ranakun da aka tsara, ƙarfe goma jiniya ta yi kuka, a buɗe ƙofa, rafin da akuya za ta tsallake ya zama farin ruwa mai tafasa. Ƙarfe uku a rufe shi kamar famfo.

Shekara huɗu Braimah bai bar ranar buɗewa ta wuce shi ba. Gwanintarsa juyi: ruwa ya kife da shi, kai ƙasa, ya kaɗa filafili sau ɗaya, sai ga shi a sama yana gyara hular kwano. Yakan ce kifaye ma wurinsa suke ɗaukar darasi.

Kudus kuwa mai sayar da atamfa ne a titin 125, mutum mai sanyi, wanda ko tsallaka titi sai ya duba sau biyu. Tun suna yara a unguwar Nima, can gida kafin su ƙetaro teku, yake bin bayan Braimah. Ranar da ya rasu, zuwansa na uku kenan kogin.

Abin da ya faru kowa ya haddace, don Hajiya Damata, gwaggon Suweiba, tana maimaita wa duk baƙon da ya zauna. A wata gangara mai duwatsu Braimah ya kife, bai taso ba. Kudus yana bayansa. Ya jira, ya kira suna, ya sake kira. Sai ya zare jikinsa daga nasa kwale-kwalen ya faɗa ruwa. Ƙafarsa ta maƙale tsakanin duwatsu biyu, ruwa ya danne shi ta baya. Ko da Braimah ya taso, hular Kudus kaɗai ake hange.

An buga wa masu madatsa waya, sun rufe nan take. Amma ruwan da ya riga ya fito ba ya komawa. Minti arba'in suna tsaye a gaɓa suna kallon kogi yana janyewa. Da ya gama, wurin da Kudus yake ko ƙugu ruwan bai kai ba.

"Shi kuma wannan," in ji Hajiya, tana nuna Braimah da carbi, "likita ya duba ƙirjinsa, ko ɗigo bai shiga ba. Ikon Allah!"

Falo ya amsa, "Ikon Allah."

Braimah ya kalli shinkafa.

Bayan la'asar, da mutane suka ragu, Suweiba ta aiko a kira shi bakin kicin. Tana lulluɓe, muryarta ta dashe.

"Yaya Braimah, ba ka ci komai ba."

"Na ƙoshi."

"Kada ka ɗora wa kanka. Malam ya ce wanda ruwa ya ci shahidi ne. Balle shi da ya tafi ceton ɗan'uwansa." Ta gyara mayafi. "Abu ɗaya nake roƙo. Ya gaya mini kana liƙa 'yar kyamara a hancin kwale-kwalenka, wai fuskarka take kallo."

"Haka ne."

"Yana dariya, ya ce kai kaɗai ne za ka je kogi ka ɗauko hoton kanka. To in fuskarka take kallo, ai wanda ke bayanka ma zai fito. Ina so in gan shi, Yaya. Ko sau ɗaya."

Kalma biyar sun isa: ruwa ya tafi da ita. Wa zai je ya tambayi kogi? Braimah ya sha shirya ƙaryar da ta fi wannan tsawo yana tuƙi da hannu ɗaya. Ya buɗe baki, ya jira ta fito kamar yadda ta saba. Babu abin da ya fito.

Ya sa hannu a aljihun jallabiyarsa, inda kyamarar take tun ranar, ya ciro ta, ya ajiye a tafin hannunta.

"Allah ya saka da alheri," in ji Suweiba, ta rungume ta a ƙirji.

Bai jira lifta ba. Ya bi matakala, hawa tara.

Za ta ga mijinta, babu shakka, yana biye a baya, ya damƙe filafili da hannu biyu. Daga nan hoton zai juye, ta ga fuskar Braimah a ƙarƙashin ruwa, kumatu a cike da iska, yana kanne wa kyamara ido, yana ƙirgawa da yatsu ya ga daƙiƙa nawa Kudus zai yi kafin ya tsorata.