Man Shanu a Ƙarƙashin Hula

An yi wani mai wankin hula a unguwarmu, mutumin kirki, sai dai baki. Tun ranar da jiri ya kayar da shi a bakin rumfarsa, likita ya ce kitse ya yi masa yawa a jini har yana neman toshe masa jijiyoyin zuciya, ba ya zama a majalisa sai ya bugi ƙirji ya ce shi da maiƙo sun yi hannun riga, ko ƙamshin suya ya ji kau da kai yake yi. Alhali wahalar duk a wuyan matarsa take. Baiwar Allah ta saɓule wa kaza fata kafin ta sa a tukunya. In ta dafa nama sai ta bar romon ya huce, kitsen ya daskare a sama, ta bi da ludayi ta kwashe tas. Kifi ya koma gashi, man gyaɗa cokali ɗaya tak a miya, ga wake, ga zogale, ga kuɓewa da tuwon dawa, ta ƙara daddawa da tafarnuwa don kada miyar ta yi masa lami. Ita ma abin da take ci ke nan, don kada ya ga kwanonta ransa ya biya. To amma mutumin da ya shekara hamsin yana ganin man shanu na narkewa a kan tuwo, ka san ba a dare ɗaya harshe ke tuba ba. Sai ya ƙulla da wata mai tallan nono, kullum ta ƙulle masa ɗan curin man shanu a leda. Aljihu ba ya ɓoyuwa, don matar ce ke wanki, tabon mai kuwa ba ya rufa asiri. Sai ya tura ƙullin cikin hula ya kafa a kai, in ta aje tuwo ta juya ya matse a miya ya gauraya. Bayan wata uku aka koma asibiti awon jini, kitse na nan daram. Danginsa suka yi caa a kan matar, wai ba ta damu da ransa ba. Tana kuka tana rantsuwa, shi kuwa gogan ya sunkuyar da kai, tausayinta na cinsa, kwaɗayi na cinsa.

Ran wata Juma'a cikin bazara ya karɓi ƙullinsa ya sa a ma'ajiyar da ya saba, ya taho gida da niyyar ya fara cin tuwo kafin a ɗaura auren 'yar ƙaninsa, wadda shi ne waliyyinta. Ashe jama'a sun riga shi, daga masallaci kai tsaye suka cika ƙofar gida. Aka kama hannunsa aka zaunar da shi a tabarmar gaba, daidai inda inuwar rumfa ta ƙare. Liman kuwa irin mai dogon wa'azin nan ne. Rana ta take, man ya narke, bakin ledar ya saki. Wani rawayan abu ya gangaro ta goshi, ya bi karan hanci ya ɗiga a farar babbar riga. Ya share, wani ya biyo ta bayan kunne. Ga shi ba dama ya cire hula. Taubashinsa, abokin wasansa tun ƙuruciya, ya miƙa yatsa ya lakato, ya shinshina, ya ɗanɗana, ya ce da ƙarfi, "Jama'a, a kawo tuwo! Waliyyi gumin man shanu yake yi!" Ya fizge hular, ƙullin ya faɗo tsakiyar goron ɗaurin aure. Aka fashe da dariya har liman. Shi dai bai yi ba, don ya hango matarsa a bakin zaure, riƙe da kwanon gasasshen kifin da ta ware masa shi kaɗai, ta kafe shi da ido.

To ka ji, ɗan'uwa. Tukunya ta yi nata, hula ta warware. Shi ya sa Hausawa suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne.