Majigin Mamaci

Mai majigi ya gama ɗaure farin ƙyalle a harabar haikali ke nan, sai motar 'yan sanda ta tsaya.

"Iya, an hana nuna fim ɗin nan," in ji babbansu, yana duban tsohuwar da ta ɗauko majigin. "Kin fi kowa sani."

Ta sani. Ɗanta ne ya yi shi a kan gonakin shinkafarsu da madatsar ruwa ta cinye. Masu tace finafinai suka hana, ya mutu yana jiran izini. Jiya aka ƙona gawarsa bisa al'adarsu, a garinsu kuwa da majigi ake sallamar mamaci.

"Wa aka hana kallo, Yallaɓai?"

"Kowa."

"Har matattu? Shi na ɗauko wa, ba ku ba."

Babban ya sosa ƙeya, ya dubi tulun tokar da aka aza a kujerar gaba.

"To, a nuna masa. Amma duk mai numfashi ya fita. Har ke, Iya."

Ba ta taɓa ganin fim ɗin ba. Kullum ɗan nata cewa yake, "Bari sai a babban allo, tsohuwa."

Ta ajiye masa kwandon shinkafa, ta fita, ta zauna a bayan katanga. 'Yan sandan suka tsaya gadi, su kaɗai ke kallo.

Can sai ta ji muryarta daga lasifika, da ƙarfinta na da, tana kiransa ya zo ya ci abinci.

Ta riƙe numfashi.

"Ina zuwa, Inna," ya amsa.